Taku Bakwai na Ƙofar Inna

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da yara baki ɗaya. Allah Ya sa albarka a neman da kake yi a can, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya dawo mana da kai lafiya. Mu nan ƙalau muke, sai godiya. Gwiwar Inna ta yi sauƙi, har kasuwa take zuwa da ƙafarta, ko da yake in ta dawo sai ta ce hanyar aka ƙara wa tsawo. Gwaggo an yi mata tabarau, yanzu ba mai wucewa ta ƙofarta bai sha tambaya ba. Ɗiyar yayarmu ta fara tafiya, ta riga ta fasa wa Inna kofi biyu, Inna kuma ta hana a yi mata faɗa.

Takardarka ta iso, na karanta ta sau uku. Na ga inda ka ce kafin damina ta zauna za ka zo ka ɗauke Inna ta koma wurinka, a sayar da gidan, don ba za ka zauna kana jiran ranar da za a ce maka bango ya faɗa mata ba. Yaya, ban ga laifinka ba. Kai ne ka kwashe ruwa daga ɗakinta da bokiti shekarar da za ka tafi, ka san abin da ka gani. Amma ina roƙonka ka dakata ka ji abin da ni ma na gani da idona ranar Talatar da ta wuce da safe, sannan ka yanke abin da ka ga ya dace.

Rana ba ta gama ɗagawa ba a wannan safiyar, leburori ashirin da biyu suna zaune a ƙofar gidanmu, kowa sanye da sabuwar riga iri ɗaya, kowa ya ajiye diga da shebur. Goma sha ɗaya a gindin turken lantarki, goma sha ɗaya a gindin famfon unguwa. Bayan kowane rukuni akwai sabuwar magudanar ruwa, an haƙa ta tsaf. A tsakaninsu kuma, daidai tsawon bangon ɗakin Inna, ƙasa ce taku bakwai wadda ba wanda ya taɓa. Ni ma ina cikin na zaunen, kunya ba za ta hana ni faɗa maka ba. Amma sai na koma baya kaɗan don ka gane yadda aka yi muka zauna.

Ka san ƙaramar hukumarmu ta tudu, inda nake aikin lebura shekara shida ke nan, da ta gangare maƙwabciyarmu. Wata huɗu da suka wuce aka haɗe su suka zama ɗaya, aka kuma ce ayyuka da yawa da a da sai ma'aikata ta babban birni ta sa hannu, yanzu sabuwar majalisar ce za ta yanke da kanta: hanyoyin unguwa, magudanan ruwa, kasuwa, shara. Da aka yi sanarwar, wanzamin layinmu ya ce jakin da ke da ubangiji biyu da yunwa yake kwana, amma shi bai taɓa ganin an haɗa ubangiji biyu sun zama mutum ɗaya ba. Kowa ya yi dariya, har da ni, don ba wanda ya ɗauka wani abu zai canza in ban da allon da ke bakin ofis.

Kana tune da wahalar da marigayi Baba ya sha kan kwatar ƙofar gidanmu. Ya je tudu, suka ce ta gangare ce. Ya je gangare, suka ce ta tudu ce. Da ya matsa, sai suka ce ai duk magudanar da ta ratsa hukuma biyu sai ma'aikata ta amince, aka rubuta takarda, ta tafi babban birni, har Allah Ya karɓi ransa ba ta dawo ba. Abin da ba ka sani ba shi ne nawa laifin. Shugaban leburorinmu, wanda muke kira Mai Usur, duk ranar yashe kwata in muka kai turken lantarki sai ya busa usur, mu tsaya. Mutanen gangare kuma, ƙarƙashin wani dattijo da ake ce wa Sannu-Sannu, daga famfo suke farawa su yi ƙasa. Shekara shida ina tura laka har ƙofar uwata in ajiye shebur, sai da yamma in na tashi aiki in dawo in kwashe abin da na iya ni kaɗai. Ban taɓa tambayar dalilin da ya sa usur ke kuka a turke ba. Haka na tarar ana yi.

Da aka haɗe, mu leburori aka sa kwasar kayan ofishin gangare zuwa na tudu. Yaya, da ka ga abin dariya. Komai biyu ne: magatakarda biyu, direba biyu ga mota ɗaya, masinja biyu suna tseren ɗaukar fayil ɗaya. Wasu manya biyu sun yi kwana uku ba sa gaisawa saboda kujera mai juyawa, har sai da ƙafarta ta karye aka huta. Ana cikin haka aka ba ni wasu manyan taswirori guda biyu in kai ɗakin ajiya, ɗaya ta tudu, ɗaya ta gangare. Ɗaurin ɗaya ya kwance, sai na shimfiɗa su a ƙasa don in naɗe da kyau. Ka san karatuna bai wuce aji huɗu ba, ƙananan rubutun nan ba na gane su, amma na san unguwarmu kamar tafin hannuna. Na ga kasuwa, na ga makaranta, na bi layinmu da yatsa har turke, sai takardar ta ƙare. Na jawo ɗayar, ta fara daga famfo. Na matsa su kusa da juna, na juya, na sake gwadawa, layukan suka ƙi haɗuwa. Shagon tela yana cikin ta farko, gidan Gwaggo yana cikin ta biyu. Gidanmu ba ya cikin ko ɗaya.

Na daɗe durƙushe a wurin. Ashe duk zuwan da Baba ya yi ba ƙarya suka yi masa ba, kowannensu ya duba takardarsa bai gan mu ba. Wanda ya auna tudu ya tsaya a turke, wanda ya auna gangare ya tsaya a famfo, kowa yana zaton ɗan'uwansa ya ɗauki sauran, kuma tun da aka zana su ba a taɓa ajiye takardun nan biyu a ɗaki ɗaya ba sai ranar.

Na faɗa wa magatakardan sashenmu, ya dube ni sama da ƙasa ya ce ashe yanzu masu shebur ma sun fara karatun taswira, in je in karanta masa inda aka ajiye tsintsiya. Na juya na fita. Akwai wata injiniya da aka ba shugabancin ayyuka na sabuwar majalisar, mace ce mai ɗan shekaru, kullum da takalmin roba a bayan motarta. Sai na riƙa zama a bencin ƙofar ofishinta duk lokacin hutun rana. Mako uku ina zama. Na san wanda ke shiga da fara'a ya fito da fushi, na san ranar da ba a tunkararta, na lura in ta dawo daga duba aiki da laka a ƙafa ta fi sakin fuska. Ran nan ta dawo a haka, ta tsaya ta ce ni kam bencin nan gadonsa na ci ne? Na miƙe na ce ranki ya daɗe, abu nake so in nuna miki, ba roƙo na zo yi ba. Ta biyo ni ɗakin ajiya, ta durƙusa a ƙasa kamar yadda na durƙusa, ta sa yatsu biyu a tsakanin takardun. Sannan ta tambaye ni wa ke zaune a nan, na ce uwata.

Washegari ta zo da igiyar awo, ta ga bangon, ta ga inda ruwa ya ci gindinsa har hannu na shiga. Inna ta tambaye ta shekara nawa takardar za ta yi a babban birni wannan karon, don ta san ko za ta bar wa jikoki wasiyya su karɓo amsa. Injiniya ta yi dariya ta ce babu inda takarda za ta je, yanzu magudanar ba ta ratsa hukuma biyu ba, kuma ikon yana hannun majalisa. Kwana tara aka yi zama. An ce kowa na iya shiga ya saurara, tela ya rufe shagonsa ya je, ya dawo yana ba da labari har da kwaikwayon tarin shugaban majalisa. Ya ce kansilan tudu da na gangare sun yi ta musu kan wanda za a fara yi wa aiki, sai injiniya ta ce musu ruwa bai san an taɓa raba su ba, daga sama yake zuwa ya nufi ƙasa. Aka amince a haƙa magudana ɗaya tun daga makaranta har rafi.

Mu muka faro daga sama, mutanen Sannu-Sannu suka faro daga ƙasa, kwana goma sha biyu ana haƙa. To, ga mu mun dawo safiyar Talata. Digata na sama, saura kaɗan in wuce turke, sai na ji usur. Yaya, wallahi ban san lokacin da hannuna ya sauke digar ba. Na waiga na ga kowa ya ajiye tasa. Can ƙasa kuma mutanen gangare sun iso famfo sun zauna. Sabo turken wawa, in ji masu magana, ranar na san da ni ake. Mai Usur ya zaro takardar aiki ya ce tasa a turke ta tsaya. Sannu-Sannu ya zaro tasa ya ce a famfo ta tsaya. Ashe magatakardan nan da ya aike ni neman tsintsiya, da zai rubuta takardun aikin, daga tsofaffin taswirorin ya kwafo iyaka. Kowane dattijo ya ce ba zai sa yaransa su taɓa abin da ba a rubuta masa ba, musamman yanzu da ake cewa za a rage ma'aikata, kowa na tsoron a samu abin kama shi da shi. Mai Usur ya ce na gangare su ƙarasa tunda su ruwan zai je wa. Sannu-Sannu ya ce na tudu su ƙarasa tunda daga wurinsu ya fito. Shekara ashirin ke nan ba sa shiri, tun wani baro da ya ɓata tsakaninsu.

Abin da ya tayar min da hankali, gabas ta fara haɗa hadari tun kwana biyu. A da ruwan tudu yakan bazu a titi, kaɗan ne ke samun bangon. Yanzu mun gyara masa hanya mai zurfi, mun tattaro shi duka, mun kawo shi daidai gindin ɗakin Inna mun toshe. Da an yi ruwa a haka, da bangon bai kai yamma ba, kuma da hannuna na haƙa. Na tura direban sashenmu ya nemo injiniya, aka ce tana can wajen kasuwa.

Muna nan zaune sai ga Inna ta fito da kujerarta 'yar tsugune a hannu ɗaya, tsohuwar fartanyar Baba a ɗaya hannun. Ta ajiye kujerar a tsakiyar taku bakwai ɗin, ta zauna, ta gaishe da na turke, ta gaishe da na famfo. Ta ce ta ji labari ashe shekara talatin da huɗu tana zaune a ƙasar da ba ta kowa ba, saboda haka daga yau ita ce shugabar wannan ƙaramar hukuma, kuma majalisarta ta zauna ta amince a yi haƙa. Ta ce tunda ba ta da lebura ko ɗaya, wanda ta haifa ma na wata hukuma ne, bari shugaba ta fara da kanta. Sai ta sunkuya da wannan gwiwar tata ta kai sara.

Ban san abin da sauran suka ji ba, ni dai ji na yi kamar an watsa min ruwan zafi. Na tashi na ɗauki digata. Mai Usur ya kira ni da Auta, ya ce in tuna ana rubuta sunaye. Na ce masa Baba, a rubuta, rigar da ke jikina da ta mutanen can iri ɗaya ce, kuma ba a rubuta turke a bayanta ba. Na tsallaka. Taku ɗaya ne tak, amma shekara shida ban yi shi a lokacin aiki ba. Na karɓi fartanyar daga hannun Inna, na fara. Na yi sara kamar goma ni kaɗai, ba ka jin komai sai ƙarar diga. Sai na ji wata ƙarar daga ɗaya ɓangaren. Sannu-Sannu ne da kansa, tsoho mai furfura, yana cewa shi ba zai zauna tsohuwa ta fi shi zuciya ba, in za a kore shi a kore shi yana tsaye. Yaransa suka bi shi. Namu suka dubi Mai Usur, shi kuma ya dubi sama, ya dubi hadarin, ya cusa usur ɗin a aljihu, ya ce to me suke jira, so suke 'yan gangare su riga su isa tsakiya?

Kafin injiniya ta iso saura taku biyu. Da ta ji abin da ya faru ba ta yi faɗa ba. Ta karɓi takardun biyu, ta ɗora su a kan motarta, ta soke turke, ta soke famfo, ta rubuta daga makaranta zuwa rafi, ta ciro hatimi daga jakarta ta buga, ta ba kowa tasa. Ban fi ƙirga hamsin ba ta gama. Na tsaya ina kallon hatimin nan, ɗan abu kamar kan kwalba, na tuna Baba da takalman da ya kashe yana neman a buga masa shi. Sai da na juya baya na share fuska, na ce ƙasa ce ta faɗa min a ido. Digar Mai Usur da ta Sannu-Sannu su suka haɗu a sara na ƙarshe, kowa na cewa shi ya fasa, kuma ina jin wannan musun zai kai su wata shekara ashirin ɗin.

Ranar Alhamis da la'asar aka yi ruwan farko, mai ƙarfi. Duk layin muka fito muka tsaya ƙarƙashin rumfar tela. Ruwan ya gangaro jawur, ya iso turke, ya wuce ƙofarmu ko waiwaye bai yi ba. Inna ta jefa ganye a ciki, ta bi shi da ido har ya wuce famfo. Da aka ɗauke na shiga ɗakinta na shafa gindin bango daga kusurwa zuwa kusurwa, a bushe yake. Bokitan da ta jera tun safe ba a taɓa ko ɗaya ba.

Ba zan ce maka komai ya gyaru ba, da sauran rina a kaba. Mutanen can ƙarshen gangare yanzu ofis ya yi musu nisa, sai sun hau mota, kuma alkawarin buɗe musu ƙaramin ofis har yau alkawari ne. Ɗaya daga cikin masinjojin nan biyu an sallame shi, mutum mai iyali, abin ya taɓa kowa. Mu ma leburori ba a fito da sunayen waɗanda za a rage a cikinmu ba tukuna. Magatakardan yana nan, ba ya amsa gaisuwata. Magudanar kanta sai an zuba mata siminti, an ce wata mai zuwa, bangon Inna kuma yana son bulo uku a gindi da yaɓe, wannan ni zan yi. Amma abin da na lura da shi shi ne, mai sa hannu yanzu a kasuwarmu take cefane, kansila kuma a wurin wanzaminmu yake aski, ba ya iya tashi da rabin kai in an fara yi masa tambaya. Wanda kake iya tarewa a hanya ya fi wanda sai dai ka aika masa takarda. Jiya injiniya ta kira ni ta nuna min sabuwar taswira, guda ɗaya, ga gidanmu a ciki, ɗan murabba'i kamar ƙwayar wake. Ta ce akwai wasu wurare biyar a tsohuwar iyakar da take zargin haka suke, tana so in bi ta mu duba, tunda na san layukan.

Game da takardarka, na ɓoye wa Inna wurin da ka yi maganar sayar da gida, ashe ta ba tela ya karanta mata tun ranar da ta zo. Ta ce in gaya maka ta gode da tausayinka, Allah Ya ba ka masu tausaya maka. Ta ce ka zo, ta yi marmarinka, ka zo da yara su ga ɗakin da aka haifi ubansu. Amma ta ce shekara talatin da huɗu ta zauna a gidan nan lokacin da ba ya cikin takardar kowa, ba kuwa za ta fita a shekarar da aka sa shi ba. Ni ban isa in sa ka ko in hana ka ba, kai ne babba. Roƙona ɗaya, ka bar ta ta ga ƙarshen wannan daminar a ɗakinta. In bango ya jiƙe ko da faɗin tafin hannu ne, ni da kaina zan haɗa mata kaya in kawo maka ita.

Ka gaishe min da maiɗakinka da kyau, da babban ɗanka mai sunan Baba, da 'yan biyu, da abokinka makaniki da ya riƙe ka lokacin da ka sauka. Inna, Gwaggo, yayarmu da mijinta duk suna gaishe ku. Na san halinka, za ka ce Auta ya ƙara gishiri don ya riƙe Inna kusa da shi. To ba ni kaɗai na gani ba. Tela yana wurin tun daga usur har hatimi. Wanzami ya bar mutum da kumfa a fuska ya fito. Gwaggo ta gani da sabon tabarau, ta ce a rubuta ita ce shaida ta farko. Mai shagon kusa da famfo ya gani, direban injiniya ya gani, Sannu-Sannu da Mai Usur kuwa in ka tambaye su sai ka roƙe su su yi shiru. Ka tambayi duk wanda ka ga dama a cikinsu. In kuma ka zo, fartanyar Baba tana nan a bayan ƙofa, Inna ta hana a wanke lakar da ke jikinta.

Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙaninka mai jiran amsarka,
Autan Inna